Indiyar da Ba a Nunawa a Fim: Yadda Ake Koyon Tarihinta da Siyasarta da Kunne

Daga Bagwai zuwa Bichi, da wuya ka shiga ƙauyen da babu mai iya lissafa maka jaruman Indiya goma a numfashi ɗaya. Dattawa sun san Dharmendra, wanda 'yan kallo a Kano suka laƙaba wa Sarkin Ƙarfi, samari kuwa sun haddace muryoyin masu fassara na Algaita. Mashin ɗin da ke ɗauko kwandunan tumatir daga gonakin madatsar Watari, galibi Bajaj ne, ƙirar Indiya. Takin Indorama da ake zuba wa masara, kamfanin dangin Lohia ne, 'yan asalin Indiya. Juya kwalin magani a kemis ka karanta inda aka yi shi, sau da yawa can ne. Amma tambayi mutanen nan: wa ke riƙe da mulki a can, firaminista ko shugaban ƙasa? Me ya raba Indiya da Pakistan? Me ya sa manomanta suka shekara suna zaman dirshan a mashigar Delhi? Sai a yi shiru, ko wani ya kawo labarin wani fim.

Cike wannan giɓi ba sai an je jami'a ba. Mu mutanen kunne ne tun asali: da rediyo muka san duniya, da kaset muka bi tafsiri, a majalisa muke tace siyasa. Fodkas kuwa shirin rediyo ne da aka ajiye a intanet, kana saukewa a waya, ka ji lokacin da ka so, ka mayar baya in wani abu ya wuce ka. Indiyawa da Turawa sun zuba ɗaruruwan sa'o'i na tarihin ƙasar a wannan hanya, akasarinsu kyauta. Sai dai wanda ya shiga ba tsari, bayan sati biyu zai fito da tarin sunaye da ba ya iya jerawa.

Kayan aiki su ke fara kayar da mutum. Waya mai Android ta isa, ko ta hannu ce, sai memori da iyafis. Murya ba ta cin data yadda bidiyo ke ci: shirin awa ɗaya yakan tsaya tsakanin megabait 30 zuwa 60, wato gigabait ɗaya zai kawo maka awa 15 zuwa 30 na saurare. Kada ka saurara kai tsaye daga intanet, don sabis ɗin ƙauye zai riƙa yanke maka zance a tsakiya. Sauke shirin tukuna, da datar dare mai rahusa, ko ranar da ka shiga Bichi ko Kano. Manhajar AntennaPod kyauta ce, ba ta da nauyi, kana rubuta sunan shiri ta nemo maka. Spotify ma tana da su. Ka shiga saiti ka hana manhajar sauke sababbin shirye-shirye da kanta, in ba haka ba ka wayi gari ba data. Abu ɗaya kuma: abin da ka sauke a Spotify a kulle yake cikinta, ba ya fita ta Xender. In kana so ka raba wa abokai ko ka sa a ƙaramin rediyon nan mai cin memori, sai ka nemi fayil ɗin MP3 daga shafin shirin, inda masu shi suka ba da damar saukewa. Batun caji da sauƙi, tunda fuskar wayar a kashe take lokacin da kake ji.

Shirye-shiryen da zan ambata duk da Turanci ake yin su, kuma Turancin kala biyu ne, na Ingila da na Indiya. Wanda ya yi sakandare a zamanin da malamai Indiyawa suka cika makarantun Arewa suna koyar da lissafi da kimiyya, kunnensa ya riga ya saba da na biyun. Sauran kuwa su rage saurin magana zuwa 0.8, akwai maɓallin a kowace manhaja, kuma babu abin kunya a ciki. Ka ji kowane shiri sau biyu. Na farko hannunka na aiki: tsinkar tumatir, ɓarar gyaɗa, jiran ruwa ya cika fangali, ko ke uwargida kina ɗinkin hula. Kada ka tsayar, bari ya tafi, abin da ya shige ya shige. Na biyu a zaune, da biro a hannu, bayan isha'i. Ban da saurare a kan mashin, hanyar Bichi ba ta yafe wa wanda ya toshe kunne.

Kafin ka kunna komai, sayi littafin rubutu na 'yan makaranta. A shafin farko ka zana taswira, ko da ta karkace: duwatsun Himalaya a sama, Delhi a arewa, Punjab a arewa maso yamma kan iyakar Pakistan, Bengal da birnin Kolkata a gabas, Mumbai da Gujarat a yamma, tudun Dekan a tsakiya, Tamil Nadu da Kerala a can kudu inda harsunansu ba su da dangantaka ta asali da Hindi. Ka ja kogin Ganga ya ratsa jihar Uttar Pradesh, wadda ita kaɗai ta kusa mutum miliyan 200 a ƙidayar 2011.

Shafi na biyu na shekaru ne, kuma nan ne asirin aikin. Shekaru turaku ne: labarin da ba a ɗaure a jikin turke ba, kafin safiya ya shiga gonar wani. Ba ka bukatar da yawa, amma kowacce ka haɗa ta da abin da ka sani na gida. A 1206 aka kafa daular Musulmi ta Delhi. A ƙarƙashin wani sarkinta, Muhammad bin Tughluq, Ibn Battuta ya yi alƙalanci, shi ne kuma daga baya ya zo Takedda a yankin Agadas har ya ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai wa tagulla. A 1526 Sarki Babur ya ci yaƙin Panipat ya kafa daular Mughal, shekara 27 bayan rasuwar Muhammadu Rumfa. Akbar ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, Aurangzeb daga 1658 zuwa 1707. A 1757 kamfanin Turawa na East India ya ci yaƙin Plassey ya kama Bengal. A 1803 sojojin kamfanin suka shiga Delhi, shekara ɗaya kafin hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu, shekara 100 cif kafin Turawa su ci Kano. A 1857 aka yi babban tawaye, Abdullahi Maje Karofi na sarautar Kano. Sai 15 ga Agustan 1947, ranar 'yancin kai. Sai 1975, Firaminista Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci a Yuni, Murtala ya hau mulki a Yuli. Sai 1991, shekarar da aka cire Jigawa daga Kano, a cikinta aka kashe Rajiv Gandhi, kuma Manmohan Singh yana ministan kuɗi ya buɗe tattalin arzikin Indiya ga kasuwa. Sai 2014, zuwan Narendra Modi. Duk shirin da ka kunna, tambayarka ta farko ita ce: tsakanin waɗanne shekaru biyu wannan labari ya faɗa? Ka rubuta shi a wurinsa.

Da wanne za a fara? Shawarata Incarnations, na Sunil Khilnani, wanda gidan rediyon BBC ya watsa a 2015 da 2016. Rayuwar mutum 50 ce, daga Buddha zuwa attajiri Dhirubhai Ambani, kowanne kusan minti 15. Gajartarsa ta dace da mai koyo, kuma ya fi sauƙi ka riƙe mutum ɗaya da ka riƙe daula. Ba dole ka bi jeri ba. Fara da Malik Ambar, yaron da aka kamo bawa daga Habasha a ƙarni na 16, aka sayar da shi hannu zuwa hannu har Dekan, ya zama mai naɗa sarki da sauke shi a Ahmadnagar, ya hana rundunar Akbar da ta ɗansa Jahangir sakat har ya rasu a 1626. Bahaushen da ya san matsayin Shamaki da Ɗan Rimi a fadar Kano ba zai yi mamakin bawan sarki mai ƙarfi ba, sai dai girman abin. Daga nan ka ji na Ashoka, na Akbar, na Jinnah, na Ambedkar. Na Raj Kapoor kuwa ka ajiye wa dattawan da suka kalle shi a silima.

In kunne ya buɗe, sai Empire, na William Dalrymple da Anita Anand, wanda suka fara a 2022. Jerin farko a kan mulkin Ingila a Indiya yake, kuma ga ɗan Arewa babu abin da ya kai shi amfani, domin tarihinmu ne kake ji ana ba da shi da wasu sunaye. Kamfanin 'yan kasuwa da aka kafa a Landan a 1600 don sayen kayan yaji, ya tara sojoji, ya shiga rigimar gadon sarauta, ya karɓi ikon tara haraji, har ya zama gwamnati. Gwamnatin Ingila ba ta karɓi mulkin daga hannunsa ba sai 1858. Ajiye wannan kusa da kamfanin Royal Niger na Goldie, wanda ya samu lasisin mulki a 1886, gwamnati ta karɓe a farkon 1900. Lugard kansa a Madras aka haife shi a 1858, kuma ya yi aikin soja a Indiya. Tsarin barin sarki a kan karagarsa, a ajiye masa Razdan a gefe yana juya shi, an daɗe ana gwada shi a masarautun Indiya fiye da 500 kafin a kawo shi Kano da Katsina.

Daga nan hanyoyin suka rabu, kuma wurin rabuwar ya fi wurin kamar daɗin nazari. Daga 1947 Sardar Patel, mataimakin firaministan Indiya, ya lallashi sarakunan, wasu ya matsa musu, suka miƙa ƙasashensu. Nizam na Hyderabad, Musulmi mai mulkin jama'ar da akasarinta Hindu ne, ya ƙi, aka tura masa soja a Satumban 1948. Sarkin Kashmir, Hari Singh, shi kuma Hindu ne mai mulkin jama'ar da akasarinta Musulmi ne. Sa hannun da ya yi a Oktoban 1947 shi ne tushen rikicin da har yau bai mutu ba. A 1971 Indira Gandhi ta soke albashin sarakunan da matsayinsu a tsarin mulki. Mu kuwa har gobe muna kotu a kan wanda zai zauna a gidan Rumfa. Wannan kaɗai ya isa hirar dare uku.

Inda Empire ya yi tsalle, cike da In Our Time na BBC, wanda Melvyn Bragg ya fara gabatarwa a 1998: malaman jami'a uku, batu ɗaya, kusan minti 45. Akwai na Ashoka, na daular Mughal, na kamfanin East India, na tawayen 1857. Turancinsu da nauyi, ka bar shi sai ka yi wata biyu kana saurare. A kan rabuwar 1947 kuma ka nemi Partition Voices na Kavita Puri, inda tsofaffin da abin ya ritsa da su suke magana da bakinsu. Wani lauya Bature, Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa taka Indiya ba kafin nan, aka bai wa kusan sati biyar ya ja iyaka. Mutum wajen miliyan 15 suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka mutu, Musulmi da Hindu da Sikh kowa ya kashe an kuma kashe shi. Kavita Puri ce kuma ta yi Three Million, kan yunwar Bengal ta 1943. Kada a sa waɗannan biyun yara na wurin.

Siyasar yau ba ta shiga kai sai an fahimci tsarin, kuma nan tsofaffinmu sun fi samari sa'a, domin irin na Jamhuriya ta Farko ne. Firaminista ke da iko, irin kujerar Tafawa Ɓalewa. Shugabar ƙasa, Droupadi Murmu, matsayinta irin na Azikiwe ne bayan 1963. Majalisar da ke naɗa gwamnati ita ce Lok Sabha, kujeru 543, mai 272 shi ke mulki. Jihohi 28 ne, kowacce da babban minista wanda shi ne mai iko, kwatankwacin Firimiya Sardauna. Gwamna a can naɗa shi ake yi daga Delhi, ba zaɓe ba, don haka mai fassara ya kiyaye kada ya haɗa su. Jam'iyyar Congress, ta Gandhi da Nehru, an kafa ta a 1885. BJP ta Modi a 1980, kuma uwarta ita ce ƙungiyar kishin Hindu ta RSS da aka kafa a 1925. BJP ta ci kujeru 282 a 2014, 303 a 2019, ta sauko 240 a 2024, dole ta jingina da jam'iyyun jihohi irin na Nitish Kumar da Chandrababu Naidu. Uttar Pradesh ita kaɗai kujeru 80 gare ta, shi ya sa za ka ji ana ta ambatonta. Lissafinsu ma ka rubuta a bangon littafi: in an ce lakh, dubu 100 ne, in an ce crore, miliyan 10 ne. Soja kuwa bai taɓa yin juyin mulki a can ba, alhali su ne suka taimaka aka kafa makarantar sojojinmu ta NDA a Kaduna a 1964, kuma Obasanjo da Buhari duk sun yi kwas a Wellington ta Indiya. Me ya hana sojan can juyin mulki? Wannan tambaya ce da ya kamata ka riƙa bi da kunne a duk shirin da ya taɓo soja.

Da wannan a hannu, sai Grand Tamasha, na Milan Vaishnav, mai fitowa mako-mako. Shi ne ya rubuta littafin When Crime Pays a 2017, kan dalilin da ya sa jam'iyyu ke tsayar da masu shari'ar manyan laifuka a kotu, kuma jama'a na zaɓensu da saninsu. Amsarsa a taƙaice: suna da kuɗin kamfe, kuma inda hukuma ba ta isa ba, talaka yakan zaɓi wanda zai iya tsaya masa ko ta wace hanya. Wanda ya ga zaɓe a Kano ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi. The Seen and the Unseen na Amit Varma kuma na masu haƙuri ne, hira ɗaya takan wuce awa uku. Ka yanka ta gida-gida, rabin awa a rana, kana rubuta mintin da ka tsaya. Hirarrakinsa da masana tarihi irin Ramachandra Guha da Srinath Raghavan sun cancanci wahalar.

Yanzu sai abin da ya fi manhaja da memori muhimmanci: sanin mai magana. A Indiya ta yau, tarihi filin daga ne. Ana canza sunayen garuruwa, Allahabad ta koma Prayagraj a 2018. Masallacin Babri da aka rushe ranar 6 ga Disamban 1992, an buɗe wurin bautar Ram a filinsa a Janairun 2024. Aurangzeb da ya rasu tun 1707, har yanzu ana zanga-zanga a kansa. Saboda haka kafin ka yarda da shiri, ka yi masa tambaya uku: wa ke magana, wa ke biyan kuɗin shirin, kuma yana faɗin inda ya samo zancensa? Dalrymple yana da taushin zuciya ga Mughal, yana da zafi ga kamfanin Turawa. Amit Varma mutumin 'yancin kasuwa ne, ba ya ɓoyewa. Grand Tamasha na wata cibiyar nazari ce ta Amurka, Carnegie, da haɗin gwiwar jaridar Hindustan Times. Mann Ki Baat kuwa, wanda Modi ke yi wata-wata a rediyon gwamnati tun Oktoban 2014, muryar mai mulki ce tsantsa. Ka ji shi ko sau ɗaya, ba don ka gaskata duka ba, don ka san abin da ɗaruruwan miliyoyin mutane suke so a wurin mutumin. Wanda bai taɓa jin magoya bayan Modi da bakinsu ba, ba zai gane yadda ya ci zaɓe sau uku ba.

Mu ma muna da namu son ran, gara mu faɗa. Musulmi ne mu, kuma alaƙarmu da Musulmin Indiya ta girmi fim. Ar-Rahiƙul Makhtum da ake karantawa a Islamiyyu, marubucinsa ɗan Mubarakpur ne a Uttar Pradesh. Ƙasasun Nabiyyin na Abul Hasan Nadwi ne na Lucknow. Aunul Ma'abud, sharhin Abu Dawud, daga yankin Patna ya fito. Musulmi su ne kashi 14 cikin 100 na jama'ar ƙasar a ƙidayar 2011, mutum sama da miliyan 170. In ka ji kisan Gujarat na 2002, ko soke matsayin Kashmir na musamman a Agustan 2019, dole ranka ya ɓaci, kuma da gaskiyarka. Amma son rai ne zai sa ka karɓi duk wani yabo ga sarkin Musulmi, ka ƙi jin cewa Aurangzeb ya rushe wuraren bautar Hindu, ya mayar da jiziya a 1679, ya kashe ɗan'uwansa Dara Shikoh a kan sarauta. Haka kuma masu zaginsa ba sa son jin cewa fadarsa cike take da hakimai da janarori Hindu. Shirin da ya ba ka rabi ɗaya kaɗai, ko wane rabi ne, ka nemi wani ka haɗa.

Fim ma a sa shi a wurinsa. Baahubali ƙage ne daga farko har ƙarshe. Lagaan ƙage ne, amma harajin da ya danne manoma gaskiya ne. RRR ya ɗauki mutum biyu da suka rayu da gaske, ya ƙaga musu abota. Padmaavat ya mai da Alauddin Khalji dodo, alhali labarin daga wata waƙa aka ciro shi da aka rubuta a 1540, sama da shekara 200 bayan yaƙin Chittor na 1303. Dabara mai daɗi ita ce a kalli fim, sannan a nemo shirin da ya yi magana a kan zamanin, a ga inda darakta ya ƙara gishiri.

Wanda ba ya jin Turanci fa? Nan majalisa ta shigo. A kowace unguwa ba a rasa malamin firamare ko ɗalibin kwalejin horon malamai ta Bichi. Shi zai ji shirin shi kaɗai sau biyu tukuna, ya rubuta sunaye da shekaru. Ranar zama, a kunna minti uku zuwa biyar, a tsayar, ya fassara, a ci gaba. Shirin minti 15 zai cinye awa ɗaya, ya isa. Ƙa'ida ɗaya ce ba a sassautawa: mai fassara ya raba zancen mai shirin da nasa. Ya ce "inji shi", in ya gama ya ce "ni kuma ga abin da na gani". Fassarar fim ta koya mana jin daɗin mai fassara da ke ƙara barkwanci da habaici, a nan kuwa wannan ɓarna ce. Abin da bai gane ba ya ce zai sake ji, kada ya cike da ƙirƙira. A bar dattijon wurin ya fara tambaya, don shi ne zai ce, "Malam, tsaya, wannan ai irin abin da aka yi wa 'yan NEPU ne," kuma yawanci yana da gaskiya. Malam Aminu Kano kansa an san shi da sha'awar salon gwagwarmayar Gandhi.

Wuri ɗaya ne kwatance da gida ke yaudara, wato tsarin asali na Hindu da za ka ji suna kira caste. Da jin ana gadon sana'a, ana ƙin aurayya, sai a ce ai irin maƙera da mahauta da wanzamai ne a wurinmu. Akwai kama, kuma bai kamata mu wanke kanmu tas ba. Amma a nan mahauci da hakimi sahu ɗaya suke a masallaci, rijiya ɗaya suke sha. A can akwai mutanen da ake ganin taɓa su ƙazanta ne, su ne Dalit. A 1927 sai da Ambedkar ya jagoranci dubban mutane zuwa wani tafki a garin Mahad don kawai su sha ruwa a inda kowa ke sha. Shi ne daga baya ya shugabanci kwamitin rubuta tsarin mulkin da ya fara aiki ranar 26 ga Janairun 1950, wanda ya haramta wannan ƙyama, ya ware musu kujeru a majalisa, ya buɗe hanyar ware musu gurabe a makarantu da aikin gwamnati. A 1990 aka ware wa wasu rukunonin kashi 27 cikin 100 na aikin gwamnatin tarayya, ƙasar ta kama da wuta. Rabin lissafin zaɓen Indiya a kan wannan yake tafiya, kuma ko a cikin Musulmin can akwai ɗigonsa.

Ga manomin Watari, ɓangaren da ya fi kusa da tukunya shi ne na noma, kuma shi ya kamata a ba lokaci mafi tsawo. Rubuta Green Revolution ko farm laws a wurin nema na manhajar, za ka samu hirarraki da dama. Labarin ya fara da madatsar Bhakra a kogin Sutlej, wadda Nehru ya ƙaddamar a 1963, da sabon irin alkama da Norman Borlaug da M. S. Swaminathan suka yaɗa a Punjab a tsakiyar shekarun 1960. Ruwa da iri da taki duk mun san su. Abin da ya bambanta shi ne gwamnati ta kafa hukumar sayen abinci a 1965, tana sanar da farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba tun kafin girbi, tana sayen alkama da shinkafa a kasuwannin hukuma. Manomin Punjab yana shuka ya san kuɗin buhunsa. Da gwamnatin Modi ta yi dokoki uku a Satumban 2020 don buɗe cinikin ga kamfanoni, manoma suka ga ƙarshen wannan tabbaci ke nan, suka ɗora kayan girki a taraktoci suka tare hanyoyin Singhu da Tikri da Ghazipur tun ƙarshen Nuwamba, ta sanyi ta zafi, har Modi ya sanar da janye dokokin ranar 19 ga Nuwamban 2021.

Kada a tsaya a wurin tafi. Ka ji ɗaya ɓangaren: wutar lantarki kyauta ga injinan ban-ruwa da tabbacin farashi sun sa Punjab ta koma noman shinkafa a ƙasar da ruwan samanta bai isa ba, ruwan ƙarƙashin ƙasa na ta ja da baya, kowace 'yan shekaru sai an ƙara zurfin burtsatse. Akwai masana da ke ganin dokokin nan uku da amfaninsu, hanyar da aka bi ce ta ɓata su. A ji su su ma. Sannan tabbacin farashin bai shafi tumatir da albasa ba, manomin can ma yakan zubar da su a bakin titi in kasuwa ta karye. Sai dai albasa a Indiya tana da haƙora: tsadarta na cikin abin da ya kayar da gwamnatin BJP a Delhi a 1998, kuma har yanzu da farashi ya tashi gwamnati kan hana fitar da ita waje, mai saye a birni ya ji sanyi, manomi ya kwana da asara. In kuma akwai Fulani a majalisar, a nemo musu labarin Amul, ƙungiyar haɗin gwiwar masu madara da aka kafa a Anand ta Gujarat a 1946 don kuɓuta daga 'yan tsakani, inda mace mai saniya biyu ke kai madararta safe da yamma, a auna, a duba maiƙonta, a biya ta gwargwadonsa.